Katalog: Rajistar da Ke Riƙe wa Mai Hoto Aikinsa

Mai ɗaukar hoton biki kan dawo daga kamu da ɗaurin aure da walima da dubban hotuna a katin kyamara. Bayan shekara biyu uwar amarya ta aiko tana neman hoton da ta rungume 'yarta ranar kai amarya. A ranar ake gane wanda ya tsara kayansa.

Manhajar Lightroom, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, tana aiki ne da abin da ake kira katalog. Masu koyo da yawa suna zaton hotunan na cikinsa, alhali rajista ce kawai. Tana rubuta inda kowane hoto yake a kwamfuta, da gyaran da aka yi masa, da taurarin da aka ba shi daga 1 zuwa 5, da kalmomin da aka liƙa masa, irin su "kamu" ko "Zariya". Asalin hoton kuwa ba a taɓa shi.

Shi ya sa idan aka kwashe folda ta bayan fage, ba ta cikin manhajar ba, sai alamar tambaya ta fito a kanta. Adireshi ne ya ɓace wa manhajar, kuma da an nuna mata sabon wurin, shi ke nan.

Babbar asara ita ce katalog ya lalace babu kwafi: hotuna suna nan, amma wahalar gyaran shekaru ta tafi. Manhajar kan tambaya lokacin rufewa ko a adana kwafi. Mai sana'a ya daure ya amsa mata, ya kuma ajiye kwafin a wata ma'ajiya daban da ta kwamfutarsa.