Laka ko jigawa: abin da ɗalibin lambu zai fara ganewa

Albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo a fadamar kogin Rima ake noma su, inda laka ke riƙe ruwa da taki, madatsar Goronyo kuma tana ba da ruwan rani. Kan tudun Rabah kuwa jigawa ta fi yawa, ruwa na shiga ya wuce.

Gane su ba wuya. Ɗebo ƙasa, ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya, laka ce. In ta wargaje, yashi ya rinjaya.

Wajen renon iri a leda, laka zalla shaƙe saiwa take yi. Gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji kam, ƙona tsiro yake yi.