Kofi Biyu, Launi Ɗaya: Kimiyya Ta Shiga Wajen Biki

Idan kuna kallon bidiyon bukukuwan Amurka, wataƙila kun taɓa ganin ango da amarya kowa riƙe da kyandir, su haɗu su kunna na uku. Wasu kuma yashi kala biyu suke zubawa a kwalba ɗaya, don nuna cewa an haɗu ke nan, ba mai iya tsince su.

Ma'auratan da suka karanci kimiyya sun fito da nasu salon. Kowa yana riƙe da kofin gilashi, ruwa garau a ciki. Na amarya an ɗiga masa sinadarin fenolfitalin, na ango kuma an narkar da sodar wanki. Suna juye su a kwalba ɗaya sai ruwan ya rikiɗe ya zama ruwan hoda, jama'a su ɗau tafi. Ba siddabaru ba ne: shi fenolfitalin ba ya nuna launi sai ya gamu da ruwa mai ɗabi'ar kanwa.

Kuna iya gwada irinsa a madafarku. Ku matsa lemun tsami a zoɓo, jansa zai ƙara haske. Ku zuba ruwan kanwa, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. In za ku yi a wajen dina, ku tsaya a kan zoɓon. Fenolfitalin ba abin sha ba ne, kuma kada a kuskura a gauraya haipo da wani sinadari, domin yana iya fitar da iska mai guba.

Sai dai akwai haɗin da ya fi na kwalba muhimmanci, wato na jini. Idan ango da amarya duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Mu ma'aikatan jinya mun san yadda ciwon nan ke hana yaro da uwarsa barci. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na rukunin jinin nan.

Ku yi gwajin tun kafin a sa rana, kafin a kai lefe, lokacin da fasawa ba ta zama abin kunya ba. In sakamako ya yi kyau, sai a jiƙa zoɓo.