Fashin baƙi: Abin da ke sa manhajar gyaran hoto nauyi, da maganinsa

A garin Awe da ke Jihar Nasarawa, kamar a sauran garuruwa, masu ɗaukar hoto da dama suna aiki ne da kwamfutocin gwanjo. A lokacin rajistar jarrabawar JAMB ko hidimar biki, idan manhajar Photoshop ta tsaya cik, mai jiran hotonsa yakan gaji ya nufi shagon gaba.

Sau da yawa tushen matsalar shi ne ƙarancin ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM. Hoton kyamara mai megafiksel 24 ba shi da nauyi sosai a kan kati, domin a matse yake. Da zarar an buɗe shi sai ya kumbura zuwa kimanin megabait 72, saboda kowane ɗigo yana cin bait 3, kuma duk shimfiɗar da aka ɗora masa ƙarin kaya ce. Idan RAM ta cika, manhajar takan koma sauke aikin a kan faifan kwamfutar. Tsohon faifai mai juyawa kuwa tafiyar hawainiya yake yi, shi ya sa maye gurbinsa da SSD yakan kawo sauƙin da ake gani nan take, a kan kuɗin da bai kai na sabuwar kwamfuta ba.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Photoshop yana ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na RAM, kuma kamfanin Adobe yana shawartar kada a wuce kashi 85. Sannan yana riƙe matakai 50 na baya don mai son janye kuskure. Rage su zuwa 20 yana sauke masa nauyi. Rufe Chrome a lokacin aiki ma yana taimakawa.

Babbar ɓarnar lokaci tana wajen hoton fasfo. Mai girman milimita 35 da 45 bai wuce ɗigo 413 da 531 ba a ingancin bugawa na yau da kullum, don haka gyara shi a cikakken girmansa wahalar banza ce. A fara yanke shi, sannan a gyara.

Wuta ma tana da nata rabon. Idan aka ɗauke ta, kwamfutar hannu takan rage gudu don tattalin batir, haka nan idan ƙurar hunturu ta toshe fankarta ta ɗau zafi.