Wa ya sace awa ɗaya?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da dama suka gwada Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux. Wasu ba su goge Windows ba, sun bar su biyun a na'ura guda. Sai wani abin ɗaure kai ya ɓullo: ka yi aiki a Ubuntu, ka dawo Windows, ka tarar agogo ya ja baya da awa ɗaya cur.

Mai gyara zai fara ɗora laifin a kan ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon cikin kwamfutar ko an ɗauke wuta. Zargin bai tsaya da ƙafarsa ba. Mataccen batiri yakan mayar da kwanan wata shekaru baya ne, ba ya ƙirga minti 60 ya tsaya. An duba yankin lokaci kuma, ko'ina na Nijeriya aka zaɓa.

Bakin zaren yana Ghana. Mai irin wannan haɗi a Kumasi ba ya ganin matsalar ko kaɗan, alhali na Kano da na Maraɗi suna fama. Bambancin? Ghana tana kan lokacin duniya na UTC daidai, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa ɗaya.

Ashe agogon guda ne, masu karanta shi biyu. Ubuntu tana rubuta lokacin UTC a cikinsa, sannan ta ƙara awa ɗaya kafin ta nuna maka. Windows kuwa abin da ta tarar shi take ɗauka a matsayin lokacin gari, ba ƙari. Idan ta gyara ta intanet, sai Ubuntu ta zo ta ƙara awa a kan wanda aka riga aka ƙara.

Layi ɗaya ke raba gardamar. A Ubuntu a rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ta koma bin lokacin gari. Za ta yi gargaɗi, amma yawancin damuwarta ƙasashen da ke sauya agogo ne da bazara, irin su Ingila. Mu nan ba ma taɓa shi.