Yadda Aka Shuka Kokwanto Kan Sauyin Yanayi a Amurka

Ɗumamar duniya, wato ƙaruwar matsakaicin zafin doron ƙasa sakamakon taruwar iskar kabon dayoksaid da ke fitowa daga ƙona kwal da man fetur da gas, ba sabon ilimi ba ne, domin tun a 1896 masani ɗan ƙasar Suwidin Svante Arrhenius ya lissafa yadda wannan iska ke riƙe zafi a sararin samaniya. A watan Yunin 1988 James Hansen na hukumar NASA ya shaida wa Majalisar Dattawan Amurka cewa ɗumamar ta riga ta kankama, kuma a shekarar ce aka kafa kwamitin IPCC domin tattara sakamakon binciken masana.

Kokwanto jigo ne a aikin kimiyya, kuma har yau akwai wuraren da masana ke da saɓani na gaskiya, misali ko damina a yankin Sahel za ta ƙara albarka ko za ta ja baya, tunda lissafe-lissafen kwamfuta ba su daidaita a kan haka ba. Sai dai kokwanton da ya mamaye siyasar Amurka iri ne daban, wanda aka ƙirƙira da gangan kuma aka kashe masa kuɗi. Masu binciken kamfanin man fetur na Exxon sun gargaɗi shugabanninsu kan haɗarin tun ƙarshen shekarun 1970, amma kamfanin ya shiga ƙawancen Global Climate Coalition da aka kafa a 1989, wanda ya shafe shekaru yana yaƙar duk wata doka ta rage hayaƙi. A 2002 Frank Luntz, mai ba jam'iyyar Republican shawara, ya rubuta cewa muddin masu zaɓe suka yarda cewa bakin masana ya zo ɗaya, ra'ayin masu zaɓen zai juya, don haka a ci gaba da jaddada rashin tabbas. Naomi Oreskes da Erik Conway sun nuna a littafinsu na 2010 cewa dabarar aro ce daga kamfanonin taba sigari, waɗanda suka gane cewa ba sai an rushe hujja ba, rikita mai sauraro ya wadatar.

Akan ɗora laifin a kan jahilcin jama'a, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda mutane da yawa ba sa bambance sanyin yini guda da matsakaicin yanayin shekaru talatin. Wannan giɓin Sanata James Inhofe ya yi amfani da shi a Fabrairun 2015 da ya shigo zauren majalisa da dunƙulen ƙanƙara, a matsayin hujja wai duniya ba ta ɗumama. Amma binciken da Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya raunana wannan bayani, domin ya gano cewa Amurkawan da suka fi sanin kimiyya da lissafi su ne suka fi rarrabuwa, kowa yana amfani da iliminsa wajen kare matsayin ɓangarensa. Batun ya zama tutar jam'iyya, shi ya sa Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2020, ta koma a 2021, sannan Shugaba Trump ya sake ba da umarnin ficewa a Janairun 2025.