Gyara Kayanka: Yadda Mai Gida Zai Ƙwato Saurin Intanet Ɗin Da Ya Biya

Daga Wakilinmu a Ikko

A daren wata Laraba ta watan jiya ne ƙanwata, wadda ke karatu a jami'a, ta zauna za ta aika da aikin da malaminsu ya ce lalle ya isa gare shi kafin ƙarfe goma sha biyun dare. Tun ƙarfe goma take fama, abu ya ƙi tafiya, ni kuwa ina gefe ina ta ɗebe wa kamfani albarka, domin ko mako guda ban yi ba da biyan kuɗin wata. Aikin bai tafi ba sai da lokaci ya wuce, washegari kuwa da hawaye ta je roƙon malamin.

Da gari ya waye na kira wani abokina mai gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja. Bai taɓa kamfanin ba, bai kuma sayar mini da kome ba. Ya buɗe shafin saitin akwatin da ke rarraba mana intanet, watau rauta, sai ga wayoyi rututu a kai, fiye da rabinsu ba na gidanmu ba ne. Wayar uwargida kuma tun magariba take ta loda bidiyon wani biki. Shi kansa akwatin yana ƙasa bayan talabijin, jingine da bango. Ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Wannan magana ta shafi aljihun kowa, musamman tun watan Janairu na 2025 da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Amma tun farko ya kamata mai karatu ya san gaskiya ɗaya: babu wani saiti da zai ba shi saurin da ya fi wanda ya saya. Abin da saiti ke yi shi ne toshe kafofin da saurin ke yoyo bayan ya shigo gida.

A Fara Da Awo

Intanet ɗin da ke zuwa ɗakinka doguwar tafiya yake yi. Mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake biyowa cikin wayoyin gilashi da ke sauka a Ikko, kamar su Main One da Glo-1 waɗanda suka fara aiki a 2010, da Equiano na kamfanin Google wanda ya iso a 2022. Daga nan ya bi ƙasa zuwa ƙarfen sabis na unguwarku, sa'an nan ya shigo akwatinka, ya rarrabu zuwa wayoyi. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu sun lalace a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa, har wasu bankuna suka kasa aiki sosai a nan ƙasar. A irin wannan rana ko wane saiti mutum ya taɓa, aikin banza ya yi. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, saboda haka sai a fara gano inda cutar take.

Ga yadda ake yi. A kashe intanet na dukan wayoyin gida, a haɗa kwamfuta da akwatin da waya idan yana da ƙofarta, a buɗe Speedtest ko Fast, a rubuta abin da ya nuna. A sake aunawa ta Wi-Fi kusa da akwatin, sa'an nan a ɗakin da ya fi nisa. A yi haka da asuba, a kuma maimaita wajen ƙarfe tara na dare. Idan kusa da akwati akwai sauri amma a ƙuryar ɗaki babu, to matsalar ta cikin gida ce. Idan kuwa da asuba yana gudu amma da dare ya sace ko'ina, to cunkoso ne a ƙarfen sabis, domin duk unguwa daga rijiya ɗaya ake ɗiba. Kada dai a yawaita awon, gama shi ma data yake ci.

Akwai kuma wani lissafi da ke rikita mutane da yawa. Kamfanoni da megabit suke talla, alhali kuwa girman hoto da bidiyo da megabait ake faɗinsa, kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. Watau wanda ya sayi megabit 20 a daƙiƙa, abin da zai gani yana sauka bai wuce megabait biyu da rabi ba, fim mai giga ɗaya kuwa zai ɗauke shi kimanin minti bakwai. Wannan ba cuta ba ce, mudun ne ya bambanta.

Mazaunin Akwati

Gyaran da ya fi kowane amfani ko kwabo ba a kashe masa. Wi-Fi rediyo ne mai raunin murya, kuma bangon siminti mai rodi, da ƙofar ƙarfe, da firiji, da madubi, da tankin ruwa duk suna danne shi. A ɗaga akwatin sama a kan kanta ko kabad, a fili, wajen tsakiyar gida, inda iska ke ratsawa, domin zafi ma yana rage masa kuzari.

Mai akwatin da ake sa wa layin waya kuwa aiki biyu ne a gabansa, domin dole akwatin ya jiwo ƙarfen sabis kafin ya ba wayoyin gida. Sai ya riƙa gwada taga bayan taga. A shafin saiti akwai wata lamba da ake kira RSRP mai nuna ƙarfin sabis: idan tana wajen -80 ya yi kyau, idan ta gangara zuwa -110 ya yi rauni ƙwarai. Matsar da akwati taku uku kawai yakan canja wannan lamba. Inda 4G ke da ƙarfi, yana da kyau a kafe akwatin a kansa don kada ya riƙa zamewa zuwa 3G, amma inda yake da rauni gara a bar shi ya zaɓa da kansa.

Zango Da Tasha

Shiga shafin saiti ba wuya. A ƙarƙashin akwatin akwai takarda mai ɗauke da adireshinsa, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da kalmar shiga. A rubuta adireshin a burauza, shafin zai buɗe. Kafin a taɓa kome, a ɗauki hoton yadda aka same shi.

Wanda ya saba da rediyo zai gane wannan da sauri. Yawancin akwatunan yanzu zango biyu suke watsawa, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da gudu sosai, ga shi kuma cike da hayaniya, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta lantarki da akwatunan maƙwabta duk a nan suke. Na biyun ya fi sauri da sarari, sai dai bango biyu sun isa su gajiyar da shi. Saboda haka talabijin da kwamfutar da ke kusa a sa su a kan 5, wayoyin ɗakunan nesa a bar su a kan 2.4.

A zangon 2.4 tashoshin sun haura goma, amma suna hawan juna, uku ne kaɗai ba sa shiga gonar juna: 1 da 6 da 11. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin na Agege ko Sabon Garin Kano, sai ka tarar akwatuna biyar suna ihu a tasha ɗaya. A gwada ukun ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a wadda ta fi ba da sauri. Kwamfutar da ba ta motsi kuwa a ja mata waya, domin waya irin Cat5e tana ɗaukar megabit 1,000 har tsawon mita 100, ba ruwanta da bango.

Su Wa Ke Sha A Randar?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmar sirrin da aka ba baƙo ɗaya ranar suna, kafin wata ya ƙare ta zaga layi. A shafin saiti akwai jerin duk na'urorin da ke kan akwatin. A ƙirga su, a kori waɗanda ba a sani ba, a canja kalmar da doguwa wadda ba lambar waya ba ce ba kuma sunan ɗa ba. A canja ta shiga shafin saitin ita ma. Wajen nau'in kulli a zaɓi WPA2 ko WPA3. Tsohon kullin nan WEP an daɗe da sanin yadda ake fasa shi, daɗin daɗawa yana tilasta wa akwatin komawa tsohon gudu wanda bai wuce megabit 54 ba. Wanda ke son kyautata wa maƙwabta sai ya buɗe musu layin baƙi daban, ya ƙayyade masa sauri in akwatin ya ba da hali.

Bayan baƙi sai 'yan gida masu ci a ɓoye. Wayoyi na loda hotuna zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud, manhajoji na sabunta kansu, WhatsApp na sauke duk bidiyon da aka jefa a zaure. Lodawa ce ta fi ɓarna, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, idan ta cika kuwa kome sai ya tsaya a layi, kamar yadda ya faru da aikin ƙanwata. A hana saukewa ta kai tsaye, a mai da sabuntawa tsakar dare, a kuma shaida wa Windows cewa intanet ɗin na awo ne don ta rage ci. Kallon fim mai tsananin haske yana iya cin giga uku a awa guda, alhali a ƙaramin gilashin waya matsakaicin haske ya wadatar. Wasu akwatunan suna da saitin QoS, wanda ke ba mai gida ikon fifita kwamfutar aiki a kan wayoyin wasa.

Garin Neman Gira

Akwai gyare-gyaren da aka fi zuzutawa fiye da amfaninsu. Canja DNS zuwa 8.8.8.8 na Google, wanda ya fito a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare na 2018, yana iya sa shafi ya buɗe da ɗan hanzari, domin DNS kamar littafin adireshi ne da ake dubawa kafin a kama hanya. Amma ba ya faɗaɗa hanyar ko da taƙi ɗaya. Haka nan tsofaffin dabarun canja lambobi a cikin hanjin Windows na zamanin intanet ɗin wayar tangaraho ne, tun daga Windows Vista ta 2007 kwamfuta ke daidaita su da kanta. Lambar MTU ma, wadda galibi 1500 ce, a bar ta yadda take sai in kamfani ne ya ce a canja. Manhajojin da ke alkawarin ninka sauri kuwa a guje su, yawancinsu talla suke cusawa, su ƙara cin datar da suka ce za su tattala.

Idan an yi duk wannan amma awo ya nuna tun daga bakin akwati saurin ya gaza, to magana ta koma kan kamfani. A fara duba sharuɗɗan abin da aka saya, domin da yawa daga tsare-tsaren da ake cewa ba su da iyaka suna rage gudu idan an kai wani adadi. Sa'an nan a kai kuka ga kamfanin da lambobin awo a hannu, da rana da lokaci, a karɓi lambar ƙorafi. In ba a share hawaye ba, NCC tana da layin kyauta, 622, domin irin wannan.

A gidanmu dai akwatin yanzu yana kan kabad kusa da taga, kalmar sirri kuwa mu huɗu muka san ta. Kuɗin wata bai ƙaru ba, ƙanwata kuma ta aika da aikinta na gaba cikin abin da bai kai minti biyu ba. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.