Dogon Hutu a Kudancin Kaduna: Daga Matsirga Zuwa Nok

Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina ke nan. Mu a Kafanchan babu lokacin da ƙasarmu ta fi kyau kamar wannan: duwatsu sun yi kore shar, rafuka sun cika, hazo yana kwana a kan tsaunin Kagoro har hantsi. Amma da an rufe makaranta sai ka ga iyaye sun mayar da yara lesin, masu hali kuma su kwashe su zuwa Abuja yawon manyan kantuna. Ni dai 'ya'yana da na ƙannena mota nake cika da su mu zaga gida.

Matsirga muke fara zuwa, kusa da Madakiya, tafiyar 'yan mintoci daga gari. Ruwan daga duwatsun Kagoro yake gangarowa, ya zubo daga tsayin kusan mita 30 zuwa cikin wani kwari. Da rani siriri ne, amma a watan Agusta tun kana nesa kake jin rugugin sa, kuma kafin ka ƙarasa feshin ya jiƙa maka riga. In rana ta fito bakan gizo yakan tsaya a cikin feshin, yara su yi ta ihu. Sai dai wurin ba na wasa ba ne. Duwatsun suna da santsi, ruwan yana da ƙarfi, kuma ba a barin yaro ya shiga wanka da damina ko da ya iya iyo. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Tsaunin Kagoro sai da sassafe, kuma sai yaran da suka yi ƙwari. Daga sama ana hango Kafanchan da gonakinta shimfiɗe. A nan nake ba su labarin bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu, da na marigayi Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 har 2008. Tashar jirgin ƙasa kuwa a cikin gari take, ba ta buƙatar kuɗin mota. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa nan zuwa Kaduna, a 1927 aka fitar da reshe zuwa Jos, kuma wannan mahaɗar ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa a ƙasar Fantsuwam har ƙauye ya zama gari. Yaro ya ga tsofaffin taragu, ya gane dalilin da ya sa kakansa ya zo nan.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. Hanyar Kwoi ake bi, tsakanin gonakin citta, wadda annobar da ta faɗa mata a 2023 ta durƙusar da manomanta da yawa. Ƙaramin ƙauye ne, amma sunansa yana cikin littattafan tarihi na duniya. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 aka kai wa Baturen nan Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu daga yankin Jama'a, wanda aka ɗauki tsawon lokaci ana kafa shi a gonar doya don korar masu ɓarna. Fagg ya lura hannu iri ɗaya ne ya yi su, ya sa wa al'adar sunan Nok. Masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Jamus, da suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna mafarinta ya kai shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen sun noma gero, daga baya suka narka ƙarfe. Ka dubi yadda suka huda ƙwayar ido, ka dubi kitso da tsakiya da suka zana a kan yumɓu, ka san gwanaye ne.

Abin da ke ci mini rai, ɓarayin kayan tarihi sun kwashe da yawa daga cikin waɗannan sassaƙe-sassaƙe zuwa ƙetare. A shekarar 2000 har gidan tarihi na Louvre a Faris ya baje wasu. Yaron Faransa yana kallon aikin kakannin ƙasar nan, namu da ke tafiyar awa guda daga Nok bai taɓa taka ƙauyen ba. Akwai ɗan gidan ajiya a Nok ɗin, akwai wasu a gidajen tarihi na Jos da Kaduna, kuma ko kaɗan ɗin ya isa yaro ya koma aji da kai a sama.

Za a ce ina tsaro? Tambaya ce ta gaskiya. Rikicin 1987 da na 2011 sun raba garinmu unguwa-unguwa, hare-haren ƙauyuka kuma sun sa kowa ɗari-ɗari. Shi ya sa ba na fita sai na tambayi mutanen wurin tun jajibiri, da rana muke tafiya, kafin magariba mun dawo. Amma kulle yara a gida shi ma yana da nasa lahanin. Akwai 'ya'yan Musulmi a Kafanchan da ba su taɓa cin fate a gidan Bajju ba, akwai 'ya'yan Kirista da ba su taɓa ganin hawan salla a ƙofar Sarkin Jama'a ba. Wanda bai san ƙofar gidan maƙwabcinsa ba, duk abin da aka faɗa masa a kansa zai yarda.

A Suwidin da Norwe, watan Yuli iyalai kan fita dazuzzuka da bakin ruwa, doka ma ta ba kowa damar ratsa daji muddin bai yi ɓarna ba, hukuma kuma ta sa alamun hanya da wuraren hutawa. Irin wannan ɗan gyaran Matsirga ke nema: hanya mai kyau, matakala, shinge a bakin kwari, makewayi. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su dubi wannan. Ku kuma iyaye, ku ware Asabar guda a hutun bana, ku dafa shinkafa a kula, ku gayyaci 'ya'yan maƙwabta, ku kai su Matsirga tun ruwa bai janye ba.